Famfon bakteriya ko ƙofar ƙwayar maleriya: wanne ya kamata ɗalibi ya ɗauka a bincikensa?

A farkon zangon karatun bana wata ɗaliba mai nazarin ƙananan halittu ta same ni a ɗakin gwaje-gwaje ina jera kwalabe a tukunyar dafa kayan aiki. Takarda ce a hannunta. Ta ce, "Malam, batu biyu aka ba ni in zaɓi ɗaya, kuma duka biyun a kan furotin mai jigilar kaya ne. Ashe ba abu ɗaya ba ne?" Na karɓa na duba. Na farko a kan PfCRT ne, furotin ɗin da ya sa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin. Na biyu a kan famfon da bakteriyar E. coli ke watso da magani waje da shi, a samfuran fitsarin marasa lafiya. Na ce mata ta jawo kujera. Dangantaka kam akwai ta tsakaninsu, amma kayan aikin, da lokacin, da irin amsar da kowanne zai ba ta sun sha bamban. Abin da na faɗa mata ranar shi ne nake faɗaɗawa a nan, don na san ba ita kaɗai ke tsaye a wannan mararrabar ba.

Kowace ƙwayar halitta lulluɓe take da tantani na maiƙo, wanda kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba. Iskar oksijin na ratsa shi ba wahala, amma suga da gishiri da amino asid ba su da hanya sai an buɗe musu. Furotin masu jigila su ne ƙofofin wannan ganuwa. Wasu a buɗe suke, duk abin da bai fi girman ramin ba sai ya wuce. Wasu kuwa sai sun ƙona makamashi su tura kaya ciki ko waje, ko da kayan ba ya son tafiya, shi ya sa ake ce musu famfo. A E. coli kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin gadonta aikin jigila suke yi, wanda ke nuna maka yawan abin da ƙaramar halitta ke kashewa a kan ƙofofinta.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko, ko wanne ka zaɓa, shi ne ba don maganinmu aka yi waɗannan furotin ba. Sun girmi asibiti nesa ba kusa ba. Masu bin salsalarsu, irin su Milton Saier na Jami'ar Kalifoniya a San Diego, sun nuna yawancinsu sun samo asali ne daga ƙaramin yanki da ya riƙa ninkuwa: ƙwayar gado ta kwafi kanta, kwafin biyu suka haɗe, mai zare biyar da ke ratsa tantani ya koma mai goma, mai shida ya koma mai sha biyu. PfCRT na da zare 10, kuma a 2004 aka nuna cewa zuriyarsu ɗaya da wasu ƙananan famfunan bakteriya, cikinsu har da EmrE na E. coli. To ka ga ɗalibar nan ba ta yi kuskure da ta ga kama ba. A wajen aiki ne hanya ta rabu.

Bari in fara da na maleriya, don labarinsa ya fi kusa da gidajenmu. Ƙwayar Plasmodium falciparum idan ta shiga jar ƙwayar jini, himogulobin take ci. Tana narka shi a wata jaka mai tsami da za mu iya kira tumbinta. Narkawar na sakin sinadarin hem, wanda guba ne gare ta, don haka take dunƙule shi ya zama baƙin tsakuwa marar illa da ake kira himozoyin, wannan ɗigon baƙi-baƙi da ake gani a madubin likita. Kulorokwin na shiga tumbin ba caji a jikinsa, tsamin wurin ya ɗora masa caji, sai ya kasa fita. Ya taru, ya hana dunƙule hem, ƙwayar ta mutu da gubar abincinta. PfCRT a bangon wannan tumbin yake zaune, kuma aikinsa na asali fitar da gutsattsarin furotin da aka narka ne. A gurbi na 76 cikin amino asid 424 da suka gina shi akwai laisin, mai caji irin na kulorokwin, sai su riƙa ture juna. Da aka sami sauyi, tiriyonin marar caji ya maye gurbin laisin, hanya ta buɗe, maganin ya riƙa sulalewa waje. Wannan shi ne K76T da za ka yi ta cin karo da shi a karatu: K na nufin laisin, T kuma tiriyonin. Ba shi kaɗai ne sauyin ba, akwai wasu da ke rakiyarsa, amma shi ne ginshiƙin.

An fara ganin ƙin jin kulorokwin a ƙarshen shekarun 1950 a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Ya iso gabashin Afirka a 1978, ya ratso zuwa yamma a shekarun 1980. A 1987 wasu masana uku, cikinsu akwai ɗan Najeriya Ayoade Oduola, suka nuna cewa maganin zuciya na berafamil na dawo wa kulorokwin da ƙarfinsa a kwalbar gwaji, alamar cewa akwai wata ƙofa da ake iya toshewa. Amma sai a shekarar 2000 David Fidock da Thomas Wellems da abokan aikinsu suka gano ƙwayar gadon kanta a kuromosom na 7. Shekara guda bayan nan Abdoulaye Djimdé da tawagarsa suka tabbatar a Mali cewa K76T na tafiya da gazawar magani a jikin marasa lafiya. Najeriya ta sauke kulorokwin daga matsayin maganin farko a 2005, ta koma haɗin da ke da atemisinin. Duk wanda ya yi wayo kafin lokacin yana tuna ɗacinsa da ƙaiƙayin da ke hana barci, da firiton da ake haɗa mana da shi. Abin sha'awa, masu bincike a Ibadan sun nuna shi ma firiton ɗin na taimaka wa kulorokwin a kan ƙwayar da ta bijire.

Abin da ya sa batun bai mutu ba shi ne Malawi. Sun daina kulorokwin tun 1993. Sauyin nan na 76 yana da tsada ga ƙwayar, don furotin ɗin da ya koyi fitar da magani ba ya aikinsa na asali da kyau kamar da. Da maganin ya ɓace daga gari, ƙwayoyi masu tsohon tsari suka rinjayi masu sauyi. Binciken da aka yi a Blantyre ya nuna K76T ya sauko daga kashi 85 cikin 100 a 1992 zuwa 13 a 2000. Juyin halitta ke nan da aka gani da ido cikin shekaru takwas. Tambayar da ke gaban ɗalibinmu ita ce: a garinsa fa, ina aka kwana? Kuma tambayar na da nauyi a yankinmu na Sahel, domin tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da riga-kafin damina a 2012, ana bin gida-gida a arewacin Najeriya da Nijar duk wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 magani, kuma cikin haɗin akwai amodiyakwin, ɗan'uwan kulorokwin na jini. Amodiyakwin na fifita ƙwayoyi masu 76T, lumefantirin da ke cikin maganin da aka fi rubutawa a asibiti kuma na fifita masu K76 na asali. Magunguna biyu suna jan furotin ɗaya, kowanne ta nasa ɓangaren, a gari ɗaya. Ban san wata tambaya da ta fi wannan dacewa da ɗalibin Katsina ko Maraɗi ba.

Yadda ake aikin kuwa a shimfiɗe yake. A soki yatsan wanda gwaji ya tabbatar yana da maleriya, a ɗiga jini a takardar tacewa, a bar shi ya bushe a inuwa inda ƙuda da ƙura ba za su taɓa shi ba. Ɗigon da ya fara ja wur sai ya koma ruwan ƙasa kamar tabon goro. A sa kowace takarda a ledarta da ɗan ƙunshin sinadarin tsotse laima, za ta yi watanni ba firiji. Daga baya a ciro DNA, a ninka yankin da ake so da na'urar PCR zagaye biyu, a zuba enzayim ɗin ApoI. Idan laisin na nan, enzayim ya yanka zaren. Idan an sauya, ba ya yankuwa. A kan jel za ka ga amsar a layuka, wani lokaci ma iri biyun a jinin mutum ɗaya, don sauro ba ya cizo da ƙwaya iri guda kawai. Ƙarfin wannan batu ke nan: sauyin da kake nema ko yana nan ko ba ya nan, kuma hanyar iri ɗaya ce da wadda aka bi a Mali da Malawi, don haka lissafinka zai zauna kusa da nasu a gwada.

Rauninsa kuma kuɗi ne da lokaci. Firaima (gajerun zaren DNA da PCR ke farawa da su) da enzayim da sauran sinadarai daga waje suke zuwa, kuma suna son firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili wadda ba a ɗauke mata wuta. Jinin mutane ne, yawanci na yara, dole sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye, kuma wannan takardar ba ta fitowa a mako guda. Sannan maleriya a arewa 'yar damina ce, ta fi yawa daga Agusta zuwa Oktoba. Wanda aikinsa ya faɗo a bazara zai yi ta zaman jiran samfur. Akwai kuma iyakar abin da sakamakon zai faɗa. Ba ya cewa komai game da atemisinin, don ƙin jin wannan yana da alaƙa da wata ƙwayar gado daban, kelch13, wadda ba ta jigila ba ce. Kuma ko ka tarar K76T ya ragu ƙwarai a garinku, wannan ba izini ba ne ga kowa ya koma sayen kulorokwin a kemis. Ina roƙon duk ɗalibin da ya ɗauki batun ya rubuta wannan ɓaro-ɓaro a aikinsa.

Yanzu ga na bakteriya. E. coli da 'yan'uwanta irin su Klebsiella ganuwa biyu gare su, da fili a tsakani. Magani na shiga ta ƙananan ramukan tantanin waje, irin su OmpF da OmpC. Famfon AcrAB-TolC kuma ya ratsa ganuwar biyu gaba ɗaya. AcrB na zaune a tantanin ciki, gida uku ne a haɗe, suna karɓa-karɓa: ɗaya na kama maganin, ɗaya na riƙe shi, ɗaya na tura shi, ana juyawa da ƙarfin furoton da ke kwararowa ciki. TolC shi ne indararon da ke zubar da kayan can waje. AcrA ke ɗaure su. An ga siffar TolC a 2000, ta AcrB a 2002. Tun kafin nan, a 1980, ɗakin binciken Stuart Levy a Boston ya fara nuna cewa bakteriya na iya tsira daga tetrasaikilin ta hanyar fitar da shi. Aikin AcrAB-TolC na asali ya shafi zaman hanji, inda ruwan matsarmama ke narka maiƙo, tantanin bakteriya kuwa maiƙo ne. Famfon da ya saba kwashe wannan bai da tsantseni: tetrasaikilin, kuloramfenikol, siprofuloksasin, rini, sinadarin wanki, duk ɗauka yake. Shi ya sa famfo ɗaya ke rage ƙarfin magunguna da yawa lokaci guda.

Muhimmancin batun ba abin musu ba ne. Ƙiyasin da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu ƙin jin magani, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sayen kafso biyu a teburin mai magani, ko yadda ake zuba wa kajin gidan gona magani a ruwan sha, bai buƙatar a yi masa dogon bayani.

Amma a nan ne ramin yake, kuma na ga ɗalibai masu ƙwazo sun faɗa ciki. Wani yaro da na taɓa taimaka wa ya tara kuɗin da 'yan'uwansa suka haɗa masa ya sayi firaima don neman ƙwayar gadon acrB a samfuransa. Duka suka nuna tana nan. Ya zo da hoton jel ɗin yana murna, ya rubuta cewa ya gano dalilin ƙin jin maganin. Raina ya ɓaci ƙwarai da ban ga tsarin aikin tun farko ba, don kusan kowace E. coli a duniya na da acrB, har wadda ko wane magani ke kashewa. Tana cikin kayan gidanta na gado. Bambancin mai bijirewa da mai jin magani yana ga yawan famfon da take ƙerawa, kuma wannan yana hannun wasu ƙwayoyin gado masu ba da umarni, irin su marA da soxS da acrR. A maleriya kana tambayar ko siffar ƙofar ta sauya. A nan kana tambayar famfo nawa ke aiki. Tambaya ta biyu PCR na yau da kullum ba ya amsa ta, sai an auna RNA, wato saƙon da ake kwafowa daga ƙwayar gado kafin a ƙera furotin, da na'ura mai tsada, RNA kuwa ba ya jure zafi da jinkiri. Inda PCR mai sauƙi ke da amfani shi ne famfunan da bakteriya ke arowa daga wata a kan filasmid (ɗan zoben DNA da ke yawo tsakanin bakteriya), kamar tetA da qepA da kuma oqxAB a E. coli, don waɗannan ba kowace ke da su ba.

Sai dai akwai hanyar da ba ta buƙatar PCR ko kaɗan, kuma ita ce ta sa nake son batun ga ɗalibin digirin farko. Ka nemo mafi ƙarancin adadin maganin da ke hana bakteriyar tsiro. Ka sake gwajin, wannan karon da sinadarin da ke toshe famfo, kamar PAβN. Idan adadin ya faɗi ninki huɗu ko fiye, alama ce famfo na da hannu. Akwai kuma gwajin rinin etidiyom buromaid: a zuba shi a faranti daban-daban, daga kaɗan zuwa mai yawa, a ja layukan bakteriya daga tsakiya zuwa baki kamar sifokin keke, a kwana a inkubeta a digiri 37. Da safe a kashe fitila a haska da UV. Layin da famfonsa ba ƙarfi zai yi haske ruwan lemo tun a farantin farko, don rinin ya taru a cikinsa. Mai famfo da yawa zai zauna duhu sai an kai faranti na gaba. Ban taɓa ganin ɗalibin da bai yi shiru ba a karon farko da ya ga wannan, don abin da ya haddace a littafi ne ke gabansa. Rinin na da haɗari ga DNA ɗin mutum, safar hannu da tabarau wajibi ne, kuma ba a zubar da shi a kwata.

Samfur ba ya yankewa, ciwon mafitsara ba shi da damina ko rani, kuma sau da yawa za ka iya karɓar bakteriyar da ɗakin gwajin asibiti ya riga ya ware, da izini, ba tare da ka tsaya kan marar lafiya ba. Amma abu mai rai ne, sai ka yi ta renonsa, kuma yawan dasa shi daga faranti zuwa faranti na iya sauya halinsa. Amsar ma ba ta fita tsaf kamar ta maleriya. Yawancin ƙin jin siprofuloksasin daga sauyin gyrA da parC yake, wato ƙwayoyin gadon enzayim ɗin da maganin ke kai wa hari, na dangin fenisilin kuma daga enzayim masu farfasa maganin, famfo ƙari ne a kai. Shi kansa PAβN na ɗan huda tantanin waje, don haka faɗuwar adadin ba hujja ce yankakkiya ba. Mai wannan aiki dole ya koyi cewa "alama ce" maimakon "na tabbatar", kuma dole ya riƙa gwada komai da sananniyar E. coli ta ma'auni, ATCC 25922.

Akwai wata ƙofa da batun bakteriya ke buɗewa wadda na maleriya ba ya buɗewa cikin sauƙi. Ɗalibanmu da yawa na gwada ganyen sabara ko bagaruwa ko darbejiya a kan bakteriya, idan bai kashe ba su ce ba shi da amfani. A shekarar 2000 an nuna cewa tsiron Berberis na ƙera abu biyu: ɗaya mai kashe bakteriya amma famfon NorA na Staphylococcus aureus na fitar da shi, ɗayan kuma ba ya kashe komai, aikinsa toshe famfon. Sai an haɗa su suke tasiri. An ga irin wannan a sinadarin fiferin na dangin masoro. Har yau babu maganin toshe famfo ko ɗaya da aka amince a ba marar lafiya, don haka filin a buɗe yake. Ɗalibin da ya gwada ganye tare da maganin asibiti, ya auna ko adadin ya faɗi, ya yi tambayar da ta fi ta kisa kawai zurfi.

Idan aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Mai digiri na biyu, wanda ke da shekara guda a gabansa da damina a ciki, kuma ya san takamaiman ɗakin binciken da zai yi masa PCR ko da a wani gari ne, ya ɗauki PfCRT. Ya ƙara da gurbi na 86 na PfMDR1, wani famfon da ke bangon tumbin nan, tunda DNA ɗin da ya ciro ya isa duka biyun. Takardar jininsa za ta jira shi, kuma sakamakonsa na da masu buƙatarsa a shirin yaƙi da maleriya. Mai digirin farko da ke da wata huɗu ko biyar, da inkubeta da tukunyar dafa kaya da fitilar UV, ya ɗauki famfon bakteriya ta hanyar faranti, ya rabu da neman acrB. Zai fita da hannun da ya iya aiki, wanda shi ake fara dubawa a kowane ɗakin gwaji. Wanda kuma aka ce masa "za a samo" na'urar PCR, ya lissafa kamar babu ita.

Ɗalibar nan ta ƙirga watanninta da yatsa, ta ga za ta kare aikinta gaban malamai tun kafin ruwa ya zauna. Ta ɗauki na E. coli. Na sa ta rubuta a shafin farko na littafin aikinta abin da gwajin zai iya nunawa da abin da ba zai iya ba, ta kai wa malamin da ke duba ta ya sa hannu. A makon jiya ta zuba farantanta na farko, ta rubuta lamba a gindin kowanne, ta roƙi mai kula da janareto ya bar mata layin inkubeta har asuba.